Na Huɗu Daga Hagu

Akwai wani dattijo da ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a gidan waya kafin ya ajiye aiki. A zamaninsa ba ya duba ambulan sau biyu. In ka faɗa masa sunan mutum, zai gaya maka layinsu da lambar gidansu, har da ko akwai kare a ƙofar. Da wannan yake taƙama. 'Ya'yansa kan tsokane shi su ce kansa ya fi kabad ɗin ofis ɗaukar kaya.

Matarsa ta rasu bayan ta yi shekara huɗu tana fama da ciwon mantuwa. Shi ya yi jinyarta da hannunsa. A gaban idonsa abin ya fara, daga neman cokali a inda ba a taɓa ajiye cokali ba, har ranar da ta dube shi ta tambaya ko shi ne mai gyaran famfo.

Bayan rasuwar sai 'yarsa ta ƙarshe ta ɗauko shi ya dawo gidanta. Auta kowa ke ce mata, duk da ta ba arba'in baya. Ita da bakinta ta ce masa, "Baba, nan gidanka ne, duk inda ka ga dama ka shiga."

A gida Auta take aiki. Ita ke zana takardun da ake liƙa wa kwalabe da kwalaye, na masu sabulu da masu man shafawa da masu zuma. Tana da wani ɗan ɗaki kusa da kicin, da tebur ɗaya, da kujera mai juyawa, da babbar kwamfuta irin ta tebur. A can ƙasan allon akwai wasu 'yan hotuna a jere a layi ɗaya. Kowanne alamar wata manhaja ce, in ka danna sai ta buɗe.

Abu ɗaya tak Baba ya koya a kwamfutar nan. Na huɗu daga hagu, kore, mai hoton kyamara. Da shi yake kiran ƙaninsa Dogo, su ga juna.

Dogo yana wani gari mai nisa. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. A waya ba a gane maganarsa, sai an ga motsin bakinsa da hannunsa mai lafiya. Kullum ƙarfe tara 'yarsa kan zaunar da shi a gaban allo kafin ta tafi aiki. Baba kuma a nan ya gama shayinsa, ya gyara tabarau, ya ɗora hannu a kan linzamin, wanda shi ɓera yake kiransa. Sai ya ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya danna.

Daga nan gida ya cika da murya. Baba zai tambayi Dogo wa ya yi masa wannan aski, ko da almakashin ɗinki aka yi. Dogo zai ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna zai mare shi. Baba ya ce masa fuskarsa ta koma kamar tsohon ambulan da ruwa ya daka. Su yi ta musu a kan wa ya fasa tagar makaranta shekara sittin da suka wuce. Tun da Mama ta rasu, nan ne kaɗai ake jin dariyar Baba har daga tsakar gida.

Matsalar ita ce hirar ba ta da birki. Awa ɗaya, awa ɗaya da rabi, wata rana har sha ɗaya. Kuma safiyar nan ita ce lokacin da kan Auta ya fi aiki, yara sun tafi makaranta, maigidan ya fita da motar da yake tuƙawa. Sai ta yi ta zarya tsakanin kicin da ƙofar ɗakin, tana goge abin da ta riga ta goge.

Wata ranar Litinin mai sabulu ya kira ta sau uku yana neman zanensa. A na ukun ya ce in ba za ta iya ba ta faɗa masa, masu zane ba su ƙare a gari ba. Tana riƙe da wayar tana ba shi haƙuri, ga Baba can ciki yana ƙyaƙyata dariya a kujerarta.

Maganar ba ta fi jimla ɗaya ba. Baba, don Allah a riƙa taƙaita hirar, ko a mayar da ita yamma. Ta shirya ta a bakinta ya fi sau goma. Amma in ta zo ƙofa ta ga yadda yake share hawayen dariya da bayan hannu, sai nauyi ya kama ta. Ita ta ce masa gidansa ne. Da wane baki za ta ce ya tashi?

Sai ta nemi hanyar da ba sai ta buɗe baki ba.

Da yamma, Baba ya fita miƙe ƙafa, ta zauna ta kama koren nan da linzami, ta ja shi sama ya fita daga layin, ta sake shi. Ya ɓace. Manhajar tana nan a cikin kwamfutar ba abin da ya same ta, alamar ce kawai ta bar gaban ido. Sauran 'yan hotunan kuma suka matso suka rufe gurbin, layin ya koma cif kamar dama can haka yake. Ko tabo babu.

Ta ce wa kanta kwana uku ne kawai, ta gama aikin mai sabulu ta mayar.

Washegari tana kicin ta ji shi ya shiga. Ta ji kujera ta yi ƙara. Ta ji ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai shiru. Yanzu na huɗun wani shuɗi ne, wurin da take ajiye hotunan aiki. Ta ji ya sake ƙirgawa, wannan karon a hankali. Ya ƙirga daga dama ma. Ta buɗe famfo da ƙarfi don kada ta ji sauran.

Can ya fito ya tsaya a ƙofar kicin, tabarau a hannu.

"Auta, abin nan kore da nake dannawa. Dama yana nan a layin ƙasa, ko?"

"Wane abu, Baba?"

"Na kiran Dogo. Na huɗu."

Ba ta juyo ba. Tana wanke kofi ta ce ita dai ba ta taɓa komai ba, yadda layin yake jiya haka yake yau. Ta ce in ta samu sarari za ta duba masa.

Sannan ya ce to, ba komai, ya tafi ɗakinsa.

Ranar ta yi aiki kamar ba gobe. Kafin azahar ta tura wa mai sabulu zanensa, har ya kira yana yabo. Da 'yar Dogo ta bugo tana tambaya ko lafiya, babanta ya zauna jira har goma, Auta ta ce sabis ne ke ba su wahala kwanan nan. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita.

Kwana uku suka wuce. Mai zuma ya kawo aiki, bayansa mai man shafawa. Safiya ta zama tata, tsit, ba mai taɓa mata kujera. Ta ce bari wannan ma ya wuce. Baba bai sake tambaya ba, ita kuma ta ɗauki shirunsa a matsayin ya haƙura. Da 'yar Dogo ta haɗa su a waya, Baba ya yi minti biyu yana cewa na'am, na'am, ba ya gane komai, ya miƙo wayar ya ce a gaishe shi kawai.

Abubuwa suka fara canzawa, amma ƙanana ne, irin waɗanda mai aiki a gabansa zai iya kau da kai.

Ya daina fita yawon yamma shi kaɗai. Ya ce gwiwa ce. Ya kawo wa surukinsa makullin tsohon gidansa ya ce ya ajiye, hannun tsoho ba wurin ajiya ba ne. Maganin hawan jininsa da yake sha da kansa shekara da shekaru, ya kawo wa Auta ya ce ta riƙa ba shi da hannunta. Ta karɓa, har tana tsokanarsa wai Baba ya fara son a lallaɓa shi.

Wata safiya ta fito ɗaukar ruwa ta ji shi a baranda yana magana ƙasa-ƙasa. Sunayen layukan da yake bi da keke lokacin yana aiki yake jerowa, ɗaya bayan ɗaya, da lambobin gidaje. Ya zo wani wuri ya tsaya. Ya koma farko. Ta yi murmushi ta ce tsoho yana tuna ƙuruciya, ta koma ɗakinta ta rufe ƙofa.

Maigidan ne ya fara magana. Ya ce Baba fa ba ya cin abinci kamar da, kuma jiya ya tambaye shi ko asibitin da aka riƙa kai Mama har yanzu likitan nan yana nan. Auta ta ce ƙila kewa ce. Amma cokalin da ke hannunta bai kai baki ba.

Ranar wanki ta ɗauko rigunan Baba tana laluba aljihu kamar yadda ta saba, don yakan manta hankici. A aljihun gaba ta ji wani ɗan littafi, irin ƙaramin nan mai bangon roba. Sabo ne. Ta buɗe don ta ga ko na ajiyewa ne.

Rubutunsa ne, mai kyan nan na ma'aikacin gidan waya, kowane harafi a tsaye.

Shafin farko ya rubuta sunansa da shekararsa da lambar gidan. Shafi na biyu ya rubuta, Auta, 'yata ce ta ƙarshe, a gidanta nake, tana da tabo a haɓa. Ƙasa da shi sunan mijinta, da na yaran, kowanne da abin da za a gane shi da shi. Dogo, ƙanina, ba ya iya magana sosai, a yi masa haƙuri. Banɗaki ƙofa ta biyu a dama.

Sai wani shafi mai kwanan wata, ranar Talatar nan da ya tsaya mata a ƙofar kicin. Ya rubuta, yau ya fara. Abin da nake dannawa kullum na neme shi na rasa. Auta ta ce ba a taɓa komai ba. Haka na uwarsu ya fara, da cokali. Kada a gaya wa Auta tukuna, ta sha wahala da na uwarta, ta ɗan huta.

Auta ta zauna a bakin bahon wanki. Ruwa ya cika ya fara zuba a ƙafarta, ba ta tashi ta kashe famfon ba. Ta ƙirga kwanakin da yatsa. Goma sha tara.

Ba za ta ɓoye muku ba in kun tambaye ta, abin da ya fara zuwa mata a rai ba mai kyau ba ne. Ta ce ta lallaɓa ta mayar da alamar wurinta, gobe ta kira shi ta ce Baba ga shi ya dawo, injin ne ya yi shirme. Ba wanda zai sani. Har ta miƙe ta nufi ɗakin. A ƙofa ta tsaya. In ya ga koren ya dawo bayan ta ce masa ba a taɓa komai ba, me zai rubuta a littafin? Zai ce dama yana nan, shi ne ya yi kwana sha tara bai gan shi ba.

Ta goge hannunta a zani ta je ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Yana zaune a bakin gado da tabarau, ba ya karanta komai. Ta ce ya zo tana so ta nuna masa wani abu. Ya ce ai ya bar harkar injin nan, ba na tsofaffi ba ne. Ta ce don Allah.

Ta zaunar da shi a kujerar, ita ta durƙusa a gefe. Ta buɗe wurin da manhajoji duka suke, ta gangara, ga koren nan a zaune lafiya lau. Ta kama shi ta jawo shi ƙasa. Sauran suka buɗa masa hanya, ya shiga tsakanin na uku da shuɗin.

"Ka ga yadda na sa shi, Baba? Haka na cire shi. Da hannuna, ranar Litinin da yamma, kana yawo. Kanka lafiyarsa ƙalau. Ni ce."

Ya kai yatsa jikin allon ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan koren. Ya bar yatsan a wurin. Sai ya sauke wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka, ya ce alhamdu lillahi sau uku, a hankali, kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya cire tabarau ya goge ido.

Da a nan aka tsaya da ta ji sauƙi. Amma ta ga lokacin da sauran maganar ta isa gare shi. Ya juyo ya dube ta.

"Na tambaye ki fa, Auta."

"Ka tambaye ni, Baba."

Ta fara bayani, mai sabulu, safiya, nauyin da take ji. Da ta ji yadda maganar ke fita a bakinta sai ta yi shiru, don ko a kunnenta ba ta da daɗin ji. Ta ciro littafin ta ajiye a tebur. Ya dube shi, kunya ta kama shi shi ma, ya sa hannu ya rufe shi kamar an ga tsiraicinsa.

Ya ce da ta ce masa ya tashi, da ya tashi. Ya ce shi ma ma'aikaci ne, ya san mutum da aikinsa, shekara talatin da ɗaya bai yarda wani ya zauna masa a tebur ba. Ba faɗa yake yi ba, muryarsa ƙasa take.

"Kwana sha tara in kina zuba min shayi ina kallon fuskarki ina haddacewa. Ina cewa ko wacce zan manta, ban da wannan."

Auta ta kifa kai a hannun kujerar. Ta nemi gafara, maganar tana fita guntu-guntu. Ya bar ta ta yi kukanta. Can ya dafa kanta ya ce ya yafe, ta tashi, ƙasa da sanyi. Ya tambayi ƙarfe nawa. Ta ce tara saura. Ya ce to ta buga wa 'yar Dogo ta ce a zaunar da shi.

Ta so ta fita ta ba su wuri, ya ce ta tsaya.

Fuskar Dogo ta cika allon. Ya rame. Da ya ga yayansa sai bakinsa ya karkace, ya fara buga hannun kujera yana wata magana mai nauyi, yana nuna allon yana nuna ƙirjinsa. Ba sai an fassara ba. 'Yarsa ta leƙo ta ce kullum sai ya sa an zaunar da shi ƙarfe tara, ko an ce masa ba sabis, ya zauna har goma yana kallon allo.

Auta ta sunkuyar da kai tana jira. Ta ce a ranta duk abin da Baba ya faɗa wa Dogo a kanta, daidai ne.

Baba ya gyara tabarau ya ce, "Kai Dogo, rage ihu, ba kurma kake wa magana ba. Abin kiran ne ya ɓace mana a injin. 'Yarka Auta ce ta nemo shi yanzun nan. Ga ta nan, ka sa mata albarka."

Ya jawo hannunta ya matso da ita gaban kyamarar.

Dogo ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Ya fara sa mata albarka da harshen nan nasa mai nauyi, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Allah ya yi mata albarka. Allah ya ba ta masu jin ƙanta yadda take jin ƙan ubanta. Ya daɗe yana yi, yawu yana zubo masa, 'yarsa tana goge masa tana cewa amin.

Ba hanyar gudu. Baba yana riƙe da hannunta gam. Haka ta tsaya a gaban tsofaffin nan biyu, fuskarta kamar ta tsage, tana amsa amin, amin, har ya gama.

Darasi: 'Yan uwa, maganar da kuke jin nauyin faɗa wa iyayenku, ku daure ku faɗa da ladabi, ta fi dabarar da za ku yi a bayan idonsu. Gaskiya mai ɗaci zafinta na yini ɗaya ne, amma ƙaramar ƙarya tana iya sa tsoho ya daina yarda da hankalinsa, shi kaɗai a ɗaki, yana ɓoye muku don kada ku damu. In babba ya tambaye ku abu, ku ba shi amsar gaskiya ko da ku ne da laifi. Wanda yake da tsoho a gida, ko ya san mai shi, ya tura masa wannan ya karanta. Allah ya ba mu ikon kyautata musu tun suna gane mu.